Saitin da Bara'atu Ta Ɗana

Bara'atu ta rage lambar ƙarshe, ta ajiye saitin inda ta saba, ta koma kujerarta tana jira.

Katin rezo, wato na sadarwar intanet, ɗaya ne a babbar na'urar kamfaninsu na sufuri a Arlit, an kasa shi kashi-kashi, kowane biro, wato ofis, da rabonsa. Ita ke daidaita manhajar da ke tuƙa kowane kaso. Amma duk saitin da ta yi, sai abokin aikinta Ramalan ya kwashe, ya kai wa shef, shugabansu, a matsayin nasa. Ga shi ana shirin sallamar ɗayansu, kuma tun da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akokan aiki ya yi wuya a garin.

Wannan karon da gangan ta ƙuntata layin da saƙonni ke jira. Da zarar kamiyoyi, wato manyan motocinsu na hanyar Agadez, sun fara turo bayanai, komai zai shaƙe. Bari ɓarawo ya saci wuta!

Ramalan ya kwashe, ya ɗora a babbar na'urar. Kafin azahar rezo ya mutu, kamiyoyi suka yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Shef ya fito yana huci. Bara'atu ta danne dariya.

Sai ta ga ya wuce teburin Ramalan, ya tsaya a kanta.

Ramalan ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Malama Bara'atu, ai na duba lambobin kafin in ɗora. Shi ya sa yau na gaya wa shef aikinki ne."