Ranar da Baba Ya Sauke Ni Daga Kekensa

Keken Baba ɗan ƙasar Holan ne, baƙi wuluk. Ran da aka kawo shi gidanmu a Koki, na riƙa mafarkin yana keta iska, ina zaune a baya kallabina yana kaɗawa. Amma Baba ya ɗaura masa kwando, ya ƙara kariyar ƙarfe ta ɗaukar kaya a baya, fitilu biyu, famfo, ƙaton kwaɗo da sarƙa, har da akwatin sufana.

Wata la'asar ya ce zai kai ni yinin sunan jaririn Goggo a Ƙofar Na'isa. Na ɗaura sabon zanena, burina kawai a ɗora mini jaririn a cinya. Ina fitowa na tarar ya shimfiɗa ɗanyun fatun awaki a kan kariyar, zai biya da su majema. Suna ɗiga, ƙudaje sun lulluɓe su. Har yau ban manta ƙarninsu ba.

"Hau mana, uwata," in ji shi.

Na hau, danshin yana ratsa zanena. Ya taka sau uku, keken ya yi tangaɗi, muka faɗa jikin katanga. Ya sauko yana haki.

"Baba, a cire kwaɗon nan mana, ko akwatin."

"Duk suna da amfani," ya ce. "Ke ce kika yi nauyi. Sauko."

Da ƙafa na ƙarasa. Goggo ta sunkuyo za ta miƙo mini jaririn, sai ta yamutsa fuska, ta mayar da shi ƙirjinta.