Shalak ɗin Baffa

"Ni za ka koya wa shafa shalak? Ina wannan aikin kana yawo ba wando."

"To ga aikin nan, Baffa, ku duba da kyau. Ko shi ma ni na ɓare shi?"

Teburin da aka dawo da shi yana tsakaninsu, banish ɗin samansa yana saɓulewa kamar ɓawon albasa. Manaja ya sa farce ya ja, ya ɓaro yanki guda ya ɗaga wa ƙanin mahaifinsa a fuska. Tun rasuwar Baba da shagon kafinta ya dawo hannunsa ake kiransa Manaja, kuma 'yan watanni bayan rasuwar ne kaya suka fara dawowa. Wannan karon matar mai otal ce, ta ce in aka sake, za ta sauya shago.

Abin ba ɓoyayye ba ne. Shalak, wanda ake fara shafa wa katako kafin a bi da banish, na da kaki a jikinsa, irin na kyandir, banish kuwa ba ya kama kaki. Manaja ya sha cewa a sayi wanda aka cire wa kakin tun daga kamfani, a huta. Baffa ya ƙi. Shi da yayansa jiƙa nasu suke yi a sifirit, su jera a kwalabe masu duhu a kan kanta, su bar shi har kakin ya kwanta a ƙasa, sannan su tsiyayi na sama a hankali. Ya rantse yanzu ma haka yake yi, ko tari ba ya yi kusa da kantar.

Manaja ya daɗe da gama lissafinsa. Idon Baffa ya yi yana, hannunsa ya fara rawa, Baba ne yake rufa masa asiri. Yanzu babu mai rufawa. Ya ranƙwafa, ya langaɓe wuya, ya shaƙe murya irin ta tsohon: "A hankaaali, yaro, a hankaaali." Ya kwaikwaye shi sarai, har da karkarwar yatsu. Masu goge katako a baya suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na motsi.

Baffa ya kwance gyauton aikinsa, ya ninke, ya tattara tsummokaran shafarsa cikin gwangwani. A bakin ƙofa ya juyo, ya ce shi ya fara riƙe wa yaron nan hannu a kan zarto, amma ba komai. Ranar da aka ce ya mutu, kada a wahalar da Manaja, ya zauna ya kula da shago.

Ya fita, ya kusa yin karo da Inna, mahaifiyar Manaja, wadda ta dawo ɗaukar tsintsiyarta. Tun da ta fita takaba take zuwa da sassafe ta share kusurwar mijinta, ta goge kantarsa, ta ɗan zauna a kujerarsa kafin ma'aikata su iso. Ta gaida ƙanin mijinta, bai amsa ba. Ta bi shi da kallo har ya sha kwana, ta shigo tana tambayar lafiya.

Manaja ya ce lafiya lau, yau dai an rabu da ƙaya. Don ta gani da idonta, ya sauko da kwalba ɗaya, ya tsiyaya a kofi. Abin ya fito fari-fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Ya zagaya da kofin gaban ma'aikata, ya kawo shi gabanta.

"Inna, dubi abin da yake shafa wa mutane. Wai wannan ne ya bari ya kwanta."

Ta leƙa kofin, ta gyaɗa kai cike da gamsuwa.

"Ai da ya kwanta ɗin, ɗan nan. Ni ce kullum da safe nake girgiza muku su ɗaya bayan ɗaya, kamar maganin tari, don kada amfanin ya taru a ƙasa."