Ranar Hutun Kayan Aiki

"Sauran fa?" in ji Goggo mai shayi, tana ɗora wa kwamfutata furanni.

Bikin kayan aiki ake yi a ofishinmu na Chennai da ke Indiya, ranar da ko guduma ce sai an shafa mata kurkum an bar ta ta huta.

Na ce, "Sauran kwamfutoci ɗari ukun ba a nan suke ba, Goggo, na haya ne ta intanet. Awa-awa muke biya."

"Su ma suna hutawa yau?"

Abokan aikina suka tuntsire da dariya. Wata shida ina roƙonsu su riƙa kashe waɗanda ba a aiki da su. Maigida kuwa ya rantse, in kuɗin hayar bai ragu ba ni zai sallama.

Goggo ta rungume tiren alawar bikin. "Marasa tausayi! Ba mai lasar ko ɗaya sai sun kwanta."

Cikin minti goma aka kashe ɗari biyu da arba'in. Washegari ba wanda ya nemi ko guda cikin waɗanda aka kashe.

Ƙarshen wata maigida ya kira ni, baki har kunne, wai wace manhaja na sayo da kuɗin haya ya ragu haka.

Na ce, "Ga ta can tafe da shayinka, yallaɓai."