Suna Na Ɗari Biyu Da Hamsin Da Bakwai

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun safe. Injiniya ya isa ɗakin gwajin jini da jiƙaƙƙen takalmi, aka kai shi wani ɗan ofis mai kwamfuta ɗaya da fanka mai ƙara.

Manajar wurin sabuwa ce, bara ta kama aiki. Ta yi masa bayani a tsaye. Kowace yamma manhajar da ke cikin kwamfutar tana fitar da takardar sunayen mutanen da aka ga matsala a jininsu, mai rajista ya bi su da waya ɗaya bayan ɗaya. Mai rajistar ba ya ganin sakamakon kowa, takardar kawai yake gani. Wanda ba a kira ba, lafiyarsa lau. A makon jiya an yi gwajin kyauta, mutane suka yi yawa, sunaye tara suka ƙi fitowa. Allah ya sa wani likita ya lura.

"Baba, an ce kai kaɗai ka rage da ka san irin waɗannan tsofaffin manhajoji," in ji ta. "Ga ka, ga tsararka."

Bai yi dariya ba. Ya ja kujera.

Minti goma bai yi ba ya gano wurin. Manhajar ta tanadi gurbin sunaye ɗari biyu da hamsin da shida a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan gurbin ya cika, sai ta nemi ƙari. Kwamfuta ta ba ta wuri mai ninki biyu a wani gefe, ta kwashe jerin sunayen ta mayar can. Har nan daidai ne. Amma sashen da ke buga takardar kira ba a gaya masa an yi ƙaura ba. Tsohon adireshi yake zuwa, ya kwashi abin da ya tarar. Duk wanda ya zo bayan na ɗari biyu da hamsin da shida, tamkar bai zo ba.

A saman layin manhajar da ke da kuskuren akwai ɗan rubutu da wanda ya haɗa ta ya bar wa kansa: "Ba za su kai haka a rana ba. A gyara daga baya."

Injiniya ya san rubutun. Shi ya yi shi, shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin wurin yana hannun masu shi na farko. Sauri yake yi a ranar, wani aikin na jiransa.

Gyaran layi biyu ne. Ya yi shi, ya gwada da sunaye dubu, duka suka fito. Ya kamata ya tashi. Bai tashi ba.

Ya ce a kawo masa lissafin mutanen kowace rana tun daga farko. Ya bi shi da yatsa. Sau biyu kacal aka taɓa wuce adadin. Makon jiya, da wata Alhamis shekara uku baya.

Manaja ta ɗauko fayil ɗin wannan Alhamis ɗin daga kabad, ta karanta masa. Wata dattijuwa ce, gwajinta ya nuna ciwon da ba ya jira. Ba a kira ta ba. Sai bayan wata huɗu aka gane, lokacin magani ya daina amfani. Aka ɗora wa mai rajista na lokacin laifin, aka sallame shi.

"Ya rantse cewa sunan bai fito a takardarsa ba," ta ce tana juya shafi. "Ba wanda ya yarda. Wa zai ce kwamfuta ta yi mantuwa? Abin mamaki, iyalan matar ko ƙara ba su kai ba."

Ya karɓi fayil ɗin. Dattijuwar ce ta ɗari biyu da hamsin da bakwai. Da ta riga mutum ɗaya shiga layi, da an kira ta. Ya bi lambar wayar da ke gefen sunan, leɓɓansa suna riga idonsa. Ya rufe.

Manaja ta miƙo masa takardar rahoto. "Ka rubuta dalili, Baba. Ko ka ce manhajar ce ta tsufa, ya wadatar. Wanda ya rubuta ta ma wa ya san inda yake?"

Ya daɗe da biro a hannu. Ba wanda zai bincika. Masu wurin na farko sun watse, sunansa ba ya ko'ina a cikin manhajar. Ruwa ya ƙara ƙarfi a kan kwano.

Ya rubuta yadda jerin ya ƙaura aka bar mai bugawa a tsohon wuri. Ya rubuta cewa mai rajista gaskiya ya faɗa. A ƙasa ya rubuta sunan wanda ya yi kuskuren, ya sa hannu a gefensa.

Manaja ta karanta, ta ɗago ta dube shi.

"A yi min kwafi ɗaya," ya ce.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci, ya huce a inda yake. Ta tambaye shi ko jikin ne. Ya ce a'a.

Washegari da sassafe ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya taka har ƙarshen unguwa. Ya tsaya ya yi sallama a ƙofar mai rajistar da aka kora, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda bai amsa wa gaisuwa ba tun ranar da suka binne mahaifiyarsu, dattijuwar nan ta ɗari biyu da hamsin da bakwai.