Kyamara ta Uku

Ranar Laraba da hantsi Auta ta shigo shagon mahaifinta da kyamara ta uku cikin mako biyu.

Tsohuwar kyamarar ta mutu ne bayan shekara goma sha ɗaya tana aiki. 'Yar ƙarama ce, fentin maɓallanta duk ya goge, an ɗaure murfin batirinta da roba. Da ita Baba yake ɗaukar hoton fasfo a ɗakin da ke jikin gidansa: farin ƙyalle a bango, kujera ɗaya da ya kafe ƙafafunta da ƙusa, da guntun katako a ƙasa inda yake tsayawa. Duk wanda ya zauna sai ya ce masa, "Faɗi sunanka da ƙarfi," sannan ya danna. Mutane su yi dariya, hoto ya fito da fara'a. Maƙwabcinsa ne yake wanke masa hotunan.

'Ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabuwa. Ta farko ya ce maɓallanta sun cushe wuri guda. Ta biyu ya ce sai an bi ƙofa bakwai kafin a kunna fitilar filasha. Hotuna suka fara fitowa da rabin kai, wani da kunne ɗaya. Wata malamar asibiti ta dawo da nata sau biyu, daga nan ba a sake ganinta ba.

Babban yaya ya yanke hukunci ta waya: in ta ukun ma ta gagara, a rufe shagon, Baba ya huta. Auta aka bar wa koyarwar, don ita ce a kusa. Ta gaji da zirga-zirgar kasuwa, ta gaji da kallon da mai kantin kyamara yake mata.

Ita ta ukun maɓalli biyu kawai gare ta. Sauran komai a allo ake taɓawa.

Baba ya juya ta a hannu, yana bin gefenta da babban yatsa. "Wannan ai sabulu kika sayo min."

"Baba, don Allah. Ita ce mafi sauƙi. Jikokinka ma sun iya."

"To a ba su shagon mana."

Auta ta miƙa hannu. Ta karɓa, ta buɗe ƙasanta ta tura katin hoto. Wayarta ta yi ƙara, daga wurin aiki ake nemanta. Ta miƙa masa kyamarar, ta zauna a kujerar masu hoto tana rubuta amsa, tana koya masa da ka.

"Danna na sama. Ka ga jan ɗigo ta dama?"

"Na gani."

"Ƙarƙashinsa akwai alamar walƙiya."

"Ga ta nan."

"Taɓa ta. Ta koma ruwan ɗorawa?"

"Ta koma," in ji shi da sauri. "Ashe abin ba wuya. Ki ce wa yayanki na iya."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Ta miƙe za ta ɗauki jakarta, sai wani abu ya zame daga cinyarta ya faɗi ƙasa. Batirin ne, wanda ta cire ɗazu ta manta ba ta mayar ba.

Ta zagayo gefensa a hankali, ba motsin takalmi. Allon baƙi ƙirin ne. Ta ɗaga hannu ta kaɗa a gaban idonsa, bai ƙifta ba, yana ta yi wa kujerar da ta tashi daga kai murmushi.