Mai Tufka da Kadarkon Gayya

Ka ce a wurin aikinku, inda jama'a daga ko'ina suke haɗa hannu kyauta su gina manhajar kwamfuta, kowa ya ga ɓaraka ya ɗinke, yanzu rigima ta hana ku sakat. Wasu na cewa ana raina mata, wasu na cewa matan ne ba a taɓa su. To, gyara zama ka ji misali.

Akwai wani ƙauye da rafi ya raba shi da gonakinsa. Kadarkon da ke kan rafin ba shi da mai shi, na kowa ne, kuma duk shekara kafin ruwa ya sauka ake kiran gayya a sabunta shi da gora da igiyar kaba. Al'adarsu ita ce, duk wanda ya ɗaure gora, wani dattijo zai zo ya kama ɗaurin ya rataya da dukan nauyinsa. In ya motsa, kalma ɗaya ce a bakinsa: "Kwance." Bai san ɗan mai gari ba, bai san baƙo ba. Mata su ke tufka igiyar a gida, amma ranar gayya iyakarsu kai fura bakin rafi.

Wata shekara, wata mai tufka da 'ya'yanta ke bin kadarkon nan safe da yamma ta ce hannun da ya tufka igiya ai ba zai kasa ɗaure ta ba. Ta ja hankalin 'yan uwanta mata, suka zo kowacce da nata tulin igiya, suka hau aiki tare da maza. Dattijo ya iso ga ɗaurinta, ya rataya, gora ta zame. Ya ce, "Kwance." Sai wani magidanci mai bakin barkwanci ya ɗaga murya: "Baba, a yi mata uzuri, kitso ta zo yi wa gora!" Wuri ya kaure da dariya. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Nan take gayya ta rabu biyu. Yayanta, wanda shi ma yana cikin masu aikin, da sauran masu tausayinta suka ce dattijo don ya ga mace ce ya ƙi ɗaurin, daga yau ma kada a sake gwada na mata. Ɗaya ɓangaren suka ce ai ga irinta nan, mata kamar ƙwai suke, abu kaɗan sai fushi. Kowa ya ajiye igiya ya kama cacar baki, ga hadari yana haɗuwa a gabas, kadarko kuma ko rabi bai kai ba.

Ranta ya ɓaci, ba ƙarya. Amma a nan matar ta burge ni, domin ba ta bari zafin ya zame mata dunƙule ɗaya ba, ta ware gyaran dattijo daban, izgilin mai barkwanci daban. Ta kama ɗaurin nata ta ja da kanta, ta ji yana zamewa. Ta dubi yayanta ta ce, "Yaya, in an bar nawa ba a gwada ba, 'ya'yan wa za su faɗa ruwa?" Ta kwance ta sake, dattijo ya rataya, ya ce a kwance. Ta kwance ta sake ɗaurewa. Wannan karon tsoho ya yi lilo son ransa, gora ko gezau.

Sannan ta russuna ta ce, "Baba, ka gyara mini ɗauri, na gode. Saura maganar wancan mai barkwancin."

Dattijo ya ce, "Haba 'yata, ai wasa ne."

Ta ce, "To Baba, waiga ka ga abin da wasan ya yi."

Ya waiga. Matan da suka zo da safe duk sun sulale ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta yi wa kowa sallama, kuma kowacce ta tafi da tulin igiyarta. Abin da ya rage a bakin rafi ba zai kai kadarko tsallake ba.

Tsohon ya sake duban ɗan tulin igiyar da ya rage. Mutum ne da ya saba gyara wa kowa, bai saba a gyara masa ba, kuma gaban jama'a. Amma ya haɗiye, ya kira mai barkwancin ya ce ya bi gidajen matan nan ya ba su haƙuri da bakin da ya kore su, kada ya dawo hannu rabbana. Mutumin ya yi ta gunaguni cewa shi bai zagi kowa ba, amma ya tafi. Yawancinsu sun dawo da igiyoyinsu, dattijo ya gwada ɗaurinsu kamar na kowa, wadda nata ya zame ta kwance, ba wanda ya yi dariya. Akwai dai wata gwanar tufka da ta ce ita da gayya har abada, kuma ba ta sake zuwa ba. Wannan asarar ba haƙurin da ya mayar da ita.

An ɗaure gorar ƙarshe yayyafi na sauka. Da rafi ya ciko ya kawo iya wuya, mai tufka ta tsaya a gaɓa tana kallon 'ya'yanta suna tsallakewa a kan ɗaurin da aka sa ta ta kwance ta sake. An gyara mata ta karɓa, ta gyara wa babba shi ma ya karɓa, ba wanda ya ragu da komai. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.