Ɗanyen Iri

Uwar mijinta ta biyo ta har ɗakin binciken da take aiki, ta dire galan ɗin maganin haihuwa kusa da kejin ɓeraye.

"Shanye. Shekara shida ko ɓatan wata! Mu a zuriyarmu namiji ba ya gazawa."

Yau kam kara ta ƙare. Ta jawo madubin likita mai nuna ƙananan ƙwayoyi.

"Mama, leƙa. Irin haihuwar wancan ƙaton ɓeran ne. Ya ratsa bututun da zai nuna a ciki, ya fito ɗanye, ko motsi babu. Mata huɗu na sauya masa, shiru."

"Ina ruwana da ɓera?"

Matar ɗan ta tura galan ɗin gaban mijinta, da ke bakin ƙofa kai a sunkuye.

"Ɗanki ma ya leƙa nasa bara. Zai sha, ko in yi bayani?"